A Mayar Wa Alhaji Mudi Ɗakinsa

Mubarak,

Wa ya aike ka? Kai nake tambaya. Wa ya ce ka kwashe dattawan mutane daga ɗakunan da suka saba kwana shekara da shekaru, ka kai su can ƙololuwar jirgin ruwa kusa da tsuntsaye?

Ka ga halin nawa ko. Ko sallama ban yi ba na fara faɗa. Ummanka na tsaye a kaina, ta ce in yage takardar in sake wata, na ce ba zan yage ba, ai ka san ubanka. To, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi maka fatan alheri, ina roƙon Allah ya tsare ka a tudu ya tsare ka a ruwa, ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya, ya sa ka gama da mutanen da za ka jagoranta cikin mutunci.

Na san za ka yi dariya ka ce bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka a gidan nan namu na unguwar Al Nahda, mene ne na wasiƙa. Dalili shi ne ni da kai ba ma iya magana ta kai ƙarshe. In na ce ɗaya ka ce biyu, in na ɗaga murya ka ɗauki wayarka ka fita baranda. Da ƙuruciya na haife ka, har yau in muka shiga kasuwa ana tambaya ko ni yayanka ne, kuma bakina ka gado kaf. Shi ya sa Ummanka ta ce, “Tunda ku biyu ba wanda ke jin wani, rubuta masa. Takarda ba ta katse mutum.”

Wannan ne karo na farko da za ka bar gida ka daɗe. Kamfanin jirgi ya ɗauke ka ka riƙa kula da matafiya masu jin Hausa har ƙarshen kakar bana, kuma tafiyarka ta farko da mutanena za ka yi ta, waɗanda suke kiran kansu Dattawan Ruwa. Da ni zan kai su kamar kullum. Amma ga ni zaune da ƙafa a ɗaure. Mutumin da ya ratsa teku har tsibirin Moris ya dawo ƙalau, wai shi ne ya zame wajen sauka daga abra a Bur Dubai, jirgin katakon da ko yaro ke tsallakewa yana cin gyaɗa. Alhaji Tanko, ɗaya daga cikin Dattawan, da ya zo dubiya bai ce min sannu ba sai da ya gama dariyarsa.

Ban yi boko ba, ka sani. A jikin kwalayen kaya na koyi karatu a kasuwar Dera ta nan Dubai, lokacin ina dako. Daga kwali na koma takardun talla da ake watsarwa a bakin otal, ina haɗa baƙi ina tambayar duk wanda ya tsaya. Wata rana Alhaji Tanko ya ga ina karanta tallar jirgin shaƙatawa mai hoton tsibiri, ya ce, “Kai Habu, wannan abin da gaske ne ko zane ne?” Na ce da gaske ne. Ya ce, “To yalla, maza nemo mana hanya.” Daga nan sana'ar ta fara. Ba wanda ya koya min ita, kurakuraina ne suka koya min. Ga su nan zan jera maka, ka ɗauka kyauta, ni da tsada na saye su.

Na farko, haɗama. Da mutanen nan suka yi tafiya ta ɗaya da ta biyu suka ji daɗi, sai na ce bari in nuna musu ni gwani ne. Na nemo musu tafiyar da kusan kullum sai an wayi gari a sabon tsibiri. Yau a fita kallon kunkuru, gobe gonar kayan ƙamshi, jibi hawan dutse. Da asuba ina bin ƙofofi ina ƙwanƙwasawa kamar mai tashin sahur. Ana tsakiyar tafiya Hajiya Binta, wadda ke saro atamfa da leshi, ta buɗe ƙofarta ta dube ni daga sama har ƙasa.

Ta ce, “Habu, hutu ka kawo mu ko aikin gayya?”

Na ce, “Hajiya, yau kunkuru za mu gani, manya, wasu sun girmi kakanki.”

Ta ce, “Na ga kunkurun bara. Na gan shi bara waccan. Ya canza riga ne? Ka gaishe shi.” Ta rufe ƙofa.

Ranar na fita da mota guda cike da kujeru, ba kowa a ciki sai ni da direba. Ka riƙe wannan: sabon matafiyi tsibiri yake nema, wanda ya saba kuwa ranakun da jirgi ke tsakiyar ruwa ba tsayawa su ne abin sonsa. Mutanen nan duk shekara suna tsakanin kwantena da kwastan da wayar da ba ta yin shiru. Abin da suke saye a wajenmu shi ne wurin da ba wanda zai same su. In za ka zaɓa musu tafiya, ka fara duba ranakun hutu a ruwa kafin ka duba sunayen tsibirai. Kuma kada ka taɓa cewa da su “dole ku ga kaza.” Sun gani. Ka tambaye su abin da suke son komawa su sake gani, za ka sha mamaki. Hajiya Binta wata bishiyar mangwaro ce kawai take komawa wajenta a tsibirin Sishel, ta zauna a inuwarta ta sha ruwan kwakwa, khalas, shi ke nan.

Na biyu, ban tambayi yadda ake sauka ba. A takarda an rubuta jirgi zai tsaya a Maldif, ni kuma na ɗauka tsayawa irin ta tashar Dubai ce, a sa gada ka taka ka fita. Ashe wasu tsibiran ba su da zurfin da babban jirgi zai matso. Can nesa yake tsayawa, a riƙa ɗibar mutane a ƙananan jirage masu inji, suna rawa a kan ruwa. Ni kuwa na ce wa mutanena su yi shigar mutunci, za mu shiga garin Musulmi. Alhaji Tanko ya fito da babbar riga ta shadda mai aiki har ƙasa, da hula zanna, da takalmi sau-ciki mai santsi. Ya ɗaga ƙafa zai shiga ƙaramin jirgi, iska ta shiga rigar ta buɗe ta kamar laima, ma'aikata biyu suka riƙe shi ta hannu, na uku ta ƙugu. Shi ya tsira. Hular ce ta tafi. Muna kallo tana lilo a kan ruwa, yana ihu, “Ku tare ta! Ta Maiduguri ce!” Har yau in aka ambaci Maldif sai ya ce yana da hula a can.

Don haka kowane tsibiri ka tambaya tun kafin a tashi: gada ce ko ƙaramin jirgi? In ƙaramin jirgi ne, ka faɗa musu tun daren jiya, kaftani da takalmi mai kama ƙasa, babbar riga a jaka, a sa ta in an taka tudu. Masu ciwon gwiwa kuma ka gaya musu gaskiya in ruwa ya yi haushi, kada kunya ta sa ka yi shiru.

Na uku, alƙibla. Wannan har yau in na tuna sai in rufe fuska. Ranar da muka shiga jirgi a Dubai na bi ɗakunan mutanena ɗaya bayan ɗaya da kamfas, na manna ɗan tef a ƙasa mai nuna alƙibla, ina jin kaina kamar wani babban malami. Kowa ya sa min albarka. Aka yi kwanaki ana sallah a kan tef ɗina. Sai wata la'asar Alhaji Mudi, wanda shi ke ja mana sallah, ya sallame ya ce, “Habu, jiya rana ta bayan kunnena na dama ta faɗi. Yau ga ta a goshina. Rana ce ta ƙaura ko mu ne?” Sai a lokacin ƙwaƙwalwata ta buɗe. Tef yana manne da jirgi, jirgi kuwa juyawa yake yi yadda kyaftin ya ga dama. Alhaji Tanko ya ce, “Wato kwana nawa muna fuskantar Indiya?” Aka yi ta dariya har da masu hawaye, Alhaji Mudi ya ce Allah ya ga niyya, amma a cire tef. Kai dai kowace sallah ka duba sabo. Akwai allon da ke nuna inda jirgi ya dosa, ga kuma wayarka. Kada ka manna komai a ƙasa.

Na huɗu, tuwo. Mutanenmu za su ci abincin jirgi kwana biyu suna yabawa, a na uku sai ka ga fuska ta canza. Ni da wayona sai na ce kowa ya taho da abin da zai iya. Hajiya Binta ta zo da ƙaramin risho na lantarki a cikin akwati, an naɗe shi da zani. Na'urar binciken kaya ta gan shi tun a tasha, aka riƙe, domin ba abin da jirgi ke tsoro kamar wuta. Kilishin Alhaji Tanko kuwa ya shiga lafiya, amma da ya cusa shi a aljihu zai sauka da shi wani tsibiri, karen jami'an tasha ya bi shi har da tsalle. Tsibirai ba sa wasa da shigo musu da nama ko 'ya'yan itace. Abin da ya kamata in yi tun farko shi ne abin da nake yi yanzu: kafin a tashi ka rubuta wa masu kicin, ka ce kana da mutane masu cin halal, kuma kana roƙon a ba su tuwon semo lokaci-lokaci. Kuka da daddawa da yaji a ƙulle cikin leda mai kyau, ka miƙa da hannunka. Akwai 'yan'uwanmu na zangon Kumasi da ke aiki a kicin ɗin jirginmu, Hausarsu ta fi taka daɗi. Ka gaishe su da girmamawa, za ka ga miyar kuka a tsakiyar teku.

Na biyar shi ne bakina, kuma a nan ne na fi jin tsoro a kanka. Ɗan kasuwar Kano ko Aljanna ka kai shi sai ya tambayi nawa ake sayar da buhu. Mun sauka Zanzibar, na ce kowa ya dawo kafin lokacin da jirgi ya sa. Kowa ya dawo ban da Alhaji Tanko. Ya samu mai kanumfari, ciniki ya yi daɗi, wayarsa kuma ta koma agogon gari alhali jirgi da nasa agogon yake aiki. Jirgi ya yi ƙaho. Ma'aikata suka fara kwance igiya. Ina tsaye a bakin gada ina roƙon wani jami'i, “Shwaiya, habibi, shwaiya,” wato ya ɗan dakata mana, sai ga Alhaji a bayan babur, buhu a cinya, yana ɗaga min hannu kamar ɗan takara. Da ya iso, a gaban matansa da abokansa da Turawa da ke leƙowa daga sama suna tafi, na buɗe baki na ce masa abin da ba a faɗa wa sa'an uba. Na ce in kasuwa ya zo ci ya koma kasuwar Kwari ta Kano. Na ce wasu da furfurarsu amma sai an yi musu kiwo.

Ya wuce ɗakinsa. Kwana biyu ba ya amsa gaisuwata. Sai da na je ɗakinsa na durƙusa, ya bar ni a durƙushe har ya gama shan shayinsa, sannan ya ce, “Gaskiya ka faɗa, Habu. Wurin faɗarta ne ba ka iya zaɓa ba.” Ya ɗebo kanumfari ya cika min aljihu. Mubarak, jirgi ba ya jiran kowa, wannan gaskiya ne, ka nanata musu, ka sa kowa ya daidaita agogon hannunsa da na jirgi kafin ya sauka. Amma in dattijo ya yi kuskure, ka kai shi gefe. Kuma ranar kasuwa ka raka Alhaji Tanko da ƙafarka, kada ka wakilta kowa.

To, yanzu mu zo kan abin da ya sa na fara da faɗa.

Na ga tsarin da ka yi, kuma wallahi ya yi kyau. Ka bar musu ranakun hutu, ka kauce wa watannin da guguwa ke tashi a kudu, ka ma tuna da mangwaron Hajiya. Na nuna wa Ummanka ina cewa dubi aikin ɗana. Sai na kai ƙarshe na ga kamfani ya yi muku tayin ƙarin girma saboda mutanenmu tsofaffin abokan hulɗa ne: a ɗauke su daga ɗakunansu na hawan ƙasa, tsakiyar jirgi, a kai su manyan ɗakuna na sama masu baranda, ba ƙarin kuɗi ko fils ɗaya. Kai kuma ka amsa da murna, ka sanar a guruf ɗin Dattawan Ruwa na waya har da hoton fure. Alhaji Tanko ya rubuto, “Wa ya ce a taɓa mana ɗakuna?” Ka karanta ka yi shiru, na san a ranka cewa ka yi tsofaffi ba sa son ci gaba. Bayan nan Alhaji Mudi ya aiko da saƙon murya, a hankali kamar yadda ya saba, ya ce bana yana ganin zai huta, a je lafiya, a yi masa tsarabar addu'a. Tun daga lokacin ba wanda ya sake cewa uffan a guruf ɗin. Mutanen da ke damun mu da saƙo tun asuba. Shirun nan bai ba ka tsoro ba?

Zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai Ummanka, kuma daga kai ba zai wuce ba.

Alhaji Mudi ba ya gani. Ciwon suga ya cinye masa ido a hankali, yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. Mutumin da a da daga ƙofar shago zai hango shadda ya ce maka wannan ta gaske ce, waccan jabu. A Kano ba ya fita sai an riƙe masa hannu, shi ya sa ya daina fita. A nan Dubai daga mota sai ɗaki. Amma jirgin nan namu, wanda ke dawowa duk lokacin sanyi, ya shige shi tun idonsa na da kyau, kuma ɗaki ɗaya yake kwana tun farko. Ya san shi kamar tafin hannunsa. In ya fito ya dafa ƙarfen bango da hannun dama, ya san inda kafet ke ƙarewa tayil ya fara, ya san in ya ji ƙamshin gahawa to ya karya hagu, ya san ƙofar da ke da nauyi wadda ke fita wajen iska. A duk duniya wurin nan ne kaɗai ya rage masa da zai tashi da ƙafarsa, shi kaɗai, hannu a aljihu, ya je cin abinci, ya je sallah, ya fita ya tsaya yana jin ruwa, ba wanda ya ja shi.

Ka taɓa tambayar kanka me ya sa mutanen da ke da halin zaga duniya suke nace wa jirgi ɗaya da ɗakuna ɗaya duk shekara? Ba rowa ba ce, ba kuma duhun kai ba. Duk sun sani, kuma ba wanda ya taɓa furtawa, ko a tsakaninsu. Ka lura Alhaji Tanko kullum shi ne a gaba in an sauka tsibiri, yana surutu da ƙarfi kamar mai tallan magani? Kana tsammani haka kawai yake yi? Muryarsa Alhaji Mudi ke bi. Ka lura Hajiya Binta ba ta iya ganin abu ta yi shiru? “Kai, wannan ruwa shuɗinsa ya yi yawa, kamar an juye baba a ciki. Ga wasu fararen tsuntsaye can a kan dutse, su uku, ɗaya ƙafa ɗaya ya tsaya, ɗan rainin hankali.” Mita ce a kunnenka. Shi kuwa da ita yake ganin tsibirin.

Yadda na sani shi ne na yi irin abin da ka yi. Wata shekara kamfani ya ba ni babban ɗaki guda kyauta, na ce wa ya fi cancanta in ba limaminmu ba. Ban tambaye shi ba, na sa aka kai kayansa sama, na miƙa masa katin ƙofa a gaban kowa ina washe baki. Ya karɓa ya yi godiya. Ranar bai zo abincin rana ba. La'asar ta yi ba liman. Na hau nemansa, Hajiya Binta na biye da ni. Muka same shi a wani dogon lungu na hawan sama, nesa da ɗakin nasa, yana tsaye ya fuskanci bango, hannu a baya. Da ya ji takunmu sai ya ce, “Habu ne? Hoton nan na tsaya kallo, ya yi kyau.”

Mubarak, ba hoto a wurin. Akwatin tiyon kashe gobara ne.

Bakina ya buɗe, ka san shi ba ya jiran izini. Na ce, “Alhaji, ai wannan...” Sai na ji dunduniyar Hajiya Binta a kan yatsun ƙafata, da duk nauyinta. Ta ce, “Wallahi ya yi kyau, Alhaji, jan nan nasa ya fito sosai. Amma mu je, an tsayar da sallah ana jiranka.” Ta juya ta fara tafiya tana mita da ƙarfi a kan tsawon lungun, shi kuma ya bi bayanta, kansa a ɗage.

Bayan sallah ta ja ni gefe. Ban taɓa ganin idonta da ƙwalla ba sai ranar. Ta ce, “Kai mai karatun kwali, duk karatunka ba ka karanta wannan ba? Ka mayar masa da ɗakinsa kafin magariba. Kuma in ka bari ya gane ka gane, ni da kai ne.”

Na sauka wajen masu kula da ɗakuna na yi roƙon da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. An riga an ba wasu mata da miji ɗakin nasa, na je na same su, na ce ga babban ɗaki mai baranda a sama, ku ɗauka. Suka ɗauka suna tsammani na taɓu. Wajen cin abinci na tashi a gaban kowa na ce, “Alhaji, ka yafe ni, na yi shirme. Ɗakin saman nan ashe na wasu ne, ni ne ban karanta takardar daidai ba. Sai dai ka koma tsohon naka.” Alhaji Tanko ya taya ni, ya ce, “Ai dama wanda ya manna mana alƙibla a ƙasa me za a jira daga gare shi?” Aka yi ta yi min dariya. Alhaji Mudi ya ce ba komai, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Washegari da hantsi na hango shi ya fito shi kaɗai, hannu ɗaya a ƙarfen bango, yana 'yar waƙarsa a ƙasa-ƙasa, ya karya hagu daidai wajen gahawa. Ban taɓa jin daɗin a kira ni shashasha ba kamar wannan karon.

Laifina ne da ban gaya maka ba tun da na miƙa maka aikin. Na ɗauka amanar da aka rufe shekaru ba sai an buɗe ta ba. To ga shi na buɗe maka, domin kai ne za ka riƙe ta yanzu. Darasin kuma ba na Alhaji Mudi kaɗai ba ne. Duk wanda ya daɗe yana shiga jirgi, in ka ga ya nace wa wani tebur, ko wani ɗaki, ko wata kujera a gefen da ba rana, akwai dalili, ko da bai faɗa ba. Kada ka gyara wa tsohon matafiyi abin da bai ce maka ya lalace ba. In alheri za ka yi masa, tambaye shi tukuna.

Na kira ofishin kamfanin da safe, ina daga kwance. Har yanzu ba a ba kowa tsofaffin ɗakunan ba, amma sun ce ba za su riƙe su da daɗewa ba, kuma ba za su karɓi magana daga bakina ba tunda sunanka ne a kan tafiyar. Kai ne za ka kira. In Alhaji Mudi bai je ba, Alhaji Tanko ba zai je ba, Hajiya Binta ba za ta je ba, kuma ba bana kaɗai ba. Ba sana'ata nake ji ba, Allah na tuba, ko ita ma ina ji kaɗan. Mutumin nan nake ji, da zai zauna a ɗaki a Kano daga yanzu har abin da Allah ya yi, saboda ɗana ya so ya kyautata masa.

Ummanka ta sa maka yaji da man shafawa na ciwon baya a aljihun akwati na gefe, ta ce kada ka ba kowa yajin sai ka ga an fara ɓata fuska. Ta ce kuma ka riƙa kira, ba saƙo ba, kira. Ni kuma na ce ka ci abinci kafin ruwa ya fara rawa, ka riƙe sallarka, ka halarci atisayen rigar ceto ko da Dattawa sun ce sun haddace shi, kuma ka ja su su ma. Allah ya sa ka a inuwarsa, ya kwantar muku da teku, ya kare ku daga sharrin iska da na baki, nawa da naka. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka fi ni.

Saura abu ɗaya. A guruf ka yi sanarwar, a gaban kowa, don haka a can za ka warware ta. Alhaji Tanko ya yi tambaya, kuma har yanzu tana nan a rataye: wa ya ce a taɓa musu ɗakuna? Kada ka bi shi ta gefe, kada ka turo min amsa ta bakin Ummanka, kada ka ƙwanƙwasa min bango. Ka kira kamfani, sannan ka shiga guruf ka yi saƙon murya, murya nake cewa ba rubutu ba, ka san wanda nake so ya ji. Ka ce kai ne, ka ce ƙuruciya ce da rawar kai, ka ce kowa ɗakinsa na nan yadda ya bar shi. Kada kalmar ido ta fito daga bakinka. Za su yi maka dariya, Alhaji Tanko zai ce ɗan Habu ne ai, ba a yi mamaki ba. Ka bar su su yi.

Wayata na kan cinyata, ƙafata na kan matashi, ba inda za ni. Yalla, Mubarak, Dattawan Ruwa na jira, ni ma ina cikinsu. Fito ka amsa.

Naka,
Babanka Habu